Telan da Ke Ɗinka Tutar Ƙonawa

Shekara talatin da ɗoriya Usta Mahrus yana cin abinci a jikin Amurka, alhali ko ƙofar ofishin jakadancinta bai taɓa gani ba. Tela ne a wani lungu da ke bayan tashar jirgin ƙasa a garinmu Mahalla, a ƙasar Masar, sana'arsa kuwa ɗinka tutar Amurka domin a ƙona. Kada ku yi dariya. Da wannan sana'ar ya aurar da 'yarsa Nahid, da ita ya ɗora wa gidansa bene.

A zamanin da abin ke ci, da rediyo ya ce jiragen Amurka sun tashi, Mahrus zai ajiye kofin shayi ya ɗiga wa keken ɗinki mai. Kafin la'asar ɗaliban jami'a sun cika ƙofar shago, wasu daga Tanta, wasu daga Mansura. Da yawansu kan naɗe fuska da mayafi kafin su ƙyasta ashana, domin ranar Lahadi suna da layin neman biza. Wannan bai taɓa damun Mahrus ba. Shi a ganinsa haka girma yake: a zage ka ranar Juma'a, a roƙe ka ranar Lahadi.

Aikinsa kuma babu algus. Audugar garinmu zalla yake sawa, don ita ce ke cin wuta a hankali, ta ba mai ɗaukar hoto lokacin gyara tsayuwa. Layi goma sha uku, taurari hamsin, kowanne da almakashi yake yankawa. In yaro ya ce a rage taurarin tunda toka za su zama, sai Mahrus ya zare tabarau ya ce masa shi ba ya cin amanar abokin gaba.

Ana nan sai Hajj Sabri, wani ɗan kasuwa mai tumbi da zobba uku, ya fara sauke kaya daga Caina. A kwali guda akwai tutar kowace ƙasa ta duniya, har da ta ƙungiyoyin ƙwallo, kuma ta Amurka ba ta fi ta kowa tsada ba. Leda ce kawai. In an kunna mata wuta sai ta ƙanƙance ta ɗiga a hannun mai riƙo, ga wari. Mahrus ya sayi ɗaya ya shimfiɗa a tebur ya ƙirga: taurari arba'in da uku. Ya zagaya kasuwa da ita yana nuna wa mutane, kowa ya ci gaba da cinikinsa. Wallahi abin ya ƙona masa rai fiye da rashin ciniki, a ce an sace wa ƙasa kamar Amurka taurari bakwai kuma ita kanta ba ta sani ba.

Daga baya ma ledar ta daina tafiya. Yara sun koma zanga-zanga a waya. Masu neman fita kuma yanzu Dubai suke ambato, ko Jamus, wasu har sun fara koyon yaren Caina. Mahrus ya koma rage tsawon wando da sa zif.

Wata Laraba labari ya zo cewa Amurka ta sake taka wani, kuma samarin unguwa za su fito bayan sallar Juma'a. A gidan shayi Hajj Sabri ya dube shi ya ce, "Ya Usta, kakkaɓe keken mana, ko tsatsa ta cinye?" Aka kwashe da dariya. Mahrus ya miƙe ya yi irin rantsuwar da mazan garinmu kan yi a kan abin da bai kai ya kawo ba: in ba a ƙona tutar da ya ɗinka a dandali ranar Juma'a ba, matarsa Faukiyya ta saku.

Kafin ya isa gida maganar ta riga shi. Ya tarar da Faukiyya ta sauko da akwati daga saman kabad. Ya ce mata limamin unguwa ya tabbatar masa irin wannan rantsuwa kaffara ta wadatar. Ta ce liman ya riƙe fatawarsa, ita ba ruwanta. Shekara talatin da huɗu tana dafa masa wake da sassafe, ashe darajarta ta kai a ɗora ta a tebur kamar kofin shayi. In Juma'a ta wuce tuta ba ta ci wuta ba, gidan yayanta a Tanta na nan, kuma jirgi na tashi kullum.

Nan fa Mahrus ya tsorata da gaske. Ya wuni biyu a kan keke, idonsa da ya raunana yana ruwa, ya fitar da tutar da bai taɓa yin irinta ba, kamu shida.

Ranar Juma'a mutum kusan arba'in suka taru. Jagoransu Tamir, wani saurayi mai gyara wayoyi, ya karɓi tutar da ladabi, ya yaba ɗinkin. Suka baje ta, suka ɗaga hannu, suka yi ihu na minti biyu, kowa wayarsa a sama. Sai Tamir ya naɗe ta tsaf ya miƙo masa.

"Wutar fa?" in ji Mahrus.

Tamir ya ce, "Baffa, ai an wuce nan. A waya za mu saka wutar, ta fi ta gaske kyau. Hayaƙi kuma yana damun masu asma."

Mahrus ya roƙe su, dattijo da furfurarsa, ya ce ko gefe ɗaya su kunna masa. Samarin suka ji tausayinsa suka lalube aljihu. Babu mai ashana ko ɗaya. Duk sigarin lantarki suke zuƙa, irin wanda Hajj Sabri ke kawowa. Wani ya ce zai tambayo mai gasa dankali, ya tafi bai dawo ba. Ɗaya bayan ɗaya suka zare jiki, kowa kansa a sunkuye yana duba mutum nawa suka kalli hoton.

Yana tsaye da tuta a hammata, ya rasa inda zai sa kansa, sai ga Faukiyya ta ratso dandalin cikin baƙar abaya, akwatinta a hannu. Hanyar tasha ke nan. Ta tsaya ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ajiye akwatin, ta zura hannu a jaka ta fito da ashanar kicin.

"Riƙe can, Abu Nahid. Ɗaga sama mana, kada ka ƙona min riga."

Ya riƙe. Ta ƙyasta. Audugar ta kama a natse, wutar ta bi jan layi ta haura fari, ta isa wurin taurarin tana cinye su ɗaya bayan ɗaya. A duk rayuwarsa bai ga tutar da ta ci wuta da kyau haka ba. Ya waiga ya ga ko akwai mai kallo. Wani direban babur mai ƙafa uku ne kawai ya danna musu ham don sun tare hanya.

Hawaye suka zubo wa Mahrus. Ya ce mata da can 'yan jarida har na ƙasashen waje kan zo ɗaukar wannan.

"To yau ni na zo," in ji Faukiyya. Ta taka sauran tokar da silifas, ta nuna masa akwatin da haɓa. "Ɗauko. Nauyi gare shi."