Hoton Inna

Shekarun farko bayan samun mulkin kai, kowa a Yamai sai ya tashi da neman hoto. Mai neman aikin gwamnati yana son na katin shaida, wanda ya ɗinka sabuwar riga yana son na aika wa gida. Ni kuwa ina da ɗan shago a unguwar Maourey, da aparai, wato na'urar ɗaukar hoto, guda ta Jamus da na gada wurin maigidana. Akwati ce mai ido biyu, a wuya ake rataya ta, ta sauka kan ciki, mai ɗauka ya sunkuyar da kai ya ga mutum cikin gilashin da ke samanta. Ga nauyi, ga saurin ƙarewar fim, amma hannuna ya san ta ko cikin duhu.

Sai wani ɗan Labanan mai kanti kusa da kasuwar Petit Marché ya kawo sababbi daga Japan, ƙanana, waɗanda ake kangawa a ido. Abokan sana'a duk suka koma can, suna yi mini tsiya wai kullum ina ruku'u gaban kiliya, masu zuwa ɗaukar hoto. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Mai kantin ya ba ni ɗaya in gwada, in ta yi mini in kawo tsohuwar mu yi musaya. Ta kuwa yi mini, don ba ta da wani aibu da zan kama.

Ana cikin haka mahaifiyata ta iso daga Damagaram tare da ƙanwata, za ta yi takardun hajji, ana son hotonta fuska sosai. Ni ne ɗanta na fari. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi: ba ta faɗin sunana, ba ta zama hira da ni, ba mu taɓa haɗa ido ba. Kakata ce ta raine ni. Ban taɓa ganin laifinta ba, al'ada ce, amma yaro yakan so ya san ko ana son shi.

Na zaunar da ita gaban farin ƙyalle, na ɗauko sabuwar don in burge ta. Ina kai ta ido, Inna ta kawar da kai.

“Inna, nan za ki duba.”

Ba ni ta ba amsa ba, wajen ƙanwata ta juya. “Ce masa ya yi abin da zai yi, rana tana yi.”

Na yi ta fama, ta dubi ƙofa, ta dubi ƙafarta. Ƙanwata sai dariya take. Raina ya ɓaci, na ajiye sabuwar a kan tebur, na rataya tsohuwar, don kawai hannuna ya samu abin yi. Na sunkuya ina murɗa maɓallin da ke daidaita gani.

A cikin gilashin na ga ta ɗago. A zatonta hankalina yana kan ƙarfe, ba ta san ta nan ake gani ba. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, a tsanake, ta tsaya a kan furfurar da ta fara fito mini, bakinta ya ɗan motsa kamar mai addu'a. Hoton ya daɗe da daidaituwa, amma na ci gaba da murɗa maɓallin gaba da baya. Ina tsoron in ɗaga kai ta daina.

Da na danna, ta mayar da idonta ƙasa, ta gyara mayafi.

Washegari na mayar wa mai kantin kayansa. Ya tambaye ni abin da sabuwar ta yi, na ce ba ta yi kome ba. Ya ce zan yi da-na-sani, kuma ta fuskar sana'a bai yi ƙarya ba, samari sun bar ni a baya.

Ofishin takardu ya ƙi karɓar hoton, wai idanunta sun yi sama da yawa. Ƙanwata ta kai ta wurin wani ya ɗauki wanda aka karɓa. Inna ta rasu a Makka a wannan tafiyar, kuma wanda aka ƙi ɗin shi ne a wurina.