Ranar da Surukina Ya Ga Gwiwata

In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Nawa ya zo ne ta bakin wani likita a Rano, da ya auna jinina ya ce sukari ya hau, ko in motsa jiki ko in fara sallama da iyali. Ni tela ne a Kibiya, ƙafata ba abin da ta sani sai taka keke. Haka na fara fita bayan asuba, ina raɓe-raɓe ta bayan gonakin dawa kamar ɓarawon akuya, don kada a ce maigida ya zare.

Da samari suka shirya tseren titi daga Rano zuwa Kibiya, maiɗakina ce ta zuga ni. Na ɗinka wa kaina wandon gudu, garin gwaninta ya tsaya a saman gwiwa. Mu sababbin shiga a rabin hanya aka sauke mu, kuma wallahi ban yi laifi ba, har samari na wuce.

Dab da shiga gari, sai ga dattawa kan tabarma a gindin darbejiya. A tsakiyarsu surukina, mahaifin maiɗakina, mutumin da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba. Inna lillahi! Wucewa ba gaisuwa ai ba ta taso ba. Na sauka daga kwalta, na kwance igiyar kambas, na tsuguna ina haki.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya, Malam? Me ya biyo ka?"

Na ce tsere ne. Ya dubi gwiwata, ya kau da kai. Sauran dattawan kowa da tasa gaisuwar, ya gida, ya yara, ya muka ji da ruwa. Kafin in miƙe cinyoyina sun sandare, har wani mai tumbi da na baro a baya ya wuce yana ɗaga min hannu.

Na ƙarasa dai, ana naɗe rumfa. Aka rataya min lambar yabo, aka miƙo fiya wata. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, amma bai kai ciki ba. A gida na kasa zama. In rataye lambar a ƙusa, in cire, in tura ta ƙarƙashin katifa. In tuna na gama sai in yi murmushi, in tuna kau da kan nan sai in dafe kai. Maiɗakina tana ta min dariya, ni kuwa na san mutuncin da na daɗe ina tarawa a gidansu ne ya zube a bakin titi.

Bayan la'asar na zura babbar riga na tafi. Na same shi a zaure shi kaɗai, na tsuguna na fara ba da haƙuri. Ya katse ni.

"Matarka ta gaya min abin da likita ya ce. Ciwon da ya ɗauke yayanta ke nan, shi kuwa kunya ce ta zaunar da shi." Ya ja carbi. "Gobe in ka gan ni a hanya, ɗaga hannu ka wuce. Gara in ga gwiwarka da in ga 'yata cikin takaba."