Ƙuri'u Uku na Hanan

Yayana Dawuda ya fi shekara arba'in yana gasa tsire a unguwar Zahir. Iyayenmu ta Sudan suka shigo Makka, a nan aka haife mu, a nan ya gaji tukubar babanmu. Larabawan unguwa tun la'asar suke yi masa layi. Mutumin kirki ne wallahi, amma taurin kai sai ka ce ƙashin raƙumi, in ya ce halas to an rufe magana.

Doka ɗaya gare shi. In mausim ya zo, wato lokacin aikin Hajji, duk namijin gidan sai ya dawo, ko a bangon duniya yake. Yana da kwangilar dafa wa alhazai abinci a Arfa, kuma ba ya yarda bare ya taɓa masa tukunya.

'Yarsa Hanan ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin gari a ƙasar Ailan, tare da mijinta Garba da ƙannenta biyu, Hisham da Sufyan. Wata rana ta bugo ta ce ta tsaya takarar kansila. Na ce ke, a ƙasar mutane? Ta ce, "Goggo Ramlatu, a nan duk wanda ke zaune a gari yana da ƙuri'a a zaɓen ƙaramar hukuma, ko ba ɗan ƙasa ba ne." Na riƙe baki. Mu da muka tsufa ba mu taɓa ganin akwatin zaɓe ido da ido ba! Shekara biyu yarinyar nan tana bin gida gida bayan ta tashi aiki, cikin ruwan sama, saboda a gyara wa tsofaffin garin asibitinsu.

Sai zaɓen ya faɗo daidai da shigowar watan Hajji. Ina zaune ta roƙi ubanta a waya.

"Baba, ka bar min su Garba zuwa Juma'a, su jefa ƙuri'a su taho."

"Su tura ta waya mana. Yanzu me ba a yi a waya?"

"Ba a yi, Baba. Sai mutum ya je da ƙafarsa."

"Garin mutum dubu nawa, ƙuri'a uku ce za ta kayar da ke? Ga tantuna ba a kafa ba, ga hanyar shigowa Makka za a rufe. Halas!"

Ta ce to. Ran Talata su ukun suka sauka a Jidda.

Ran Asabar aka yi ƙirga na farko. Kujeru shida ake nema, Hanan ta zo ta biyar. Yaya bai jira komai ba, ya yanka rago, ya ce yau tsire kyauta ne. Har direbobin tasi daga unguwar Shisha sun ci sun yi mabruk, wato barka. Garba yana ta cewa, "Baba, a dakata, ba a gama ba," Yaya ya ce masa ai shi dama bakinsa bai iya alheri ba.

Ashe su can ba mutum ɗaya ake zaɓa ba. Lamba ake sa wa 'yan takara, na ɗaya, na biyu, na uku. Wanda ya zo ƙarshe a fitar da shi, a raba ƙuri'unsa ga waɗanda aka sa wa lamba ta gaba, a sake ƙirgawa. Wane irin zaɓe ne wannan, jama'a, kamar rabon gado? Kwana biyu muna kallon wayar Hisham, Hanan tana zamewa a hankali. Abin da ya fi ba ni haushi, wai rabin garin ma ba su fita ba. An ba ka dama a hannu ka zauna kana shan shayi!

Ran Litinin da hantsi muna Arfa, ana jera tukwane, Hisham ya daskare da waya a hannu. Ƙirga na goma sha ɗaya ya fito. Wani manomi ya ɗauki kujera ta shida, Hanan ta bakwai.

Yaya ya ce, "Da nawa?"

Hisham ya ƙi ɗagowa. "Da biyu, Baba. Har an sake ƙirgawa."

Innalillahi! Yaya ya dubi Garba, ya dubi Hisham, ya dubi Sufyan, suna tsaye gabansa da ludaya a hannu. Ya zauna a kan buhun shinkafa, mutumin da ban taɓa gani a zaune a wurin aiki ba, ya ce a kira masa ita.

Hanan ta ɗauka, muryarta a dishe. Ita ce ma ke ba shi haƙuri, wai haka Allah ya rubuta.

"Yaushe za a sake?"

"Sai bayan shekara biyar, Baba."

Shekararsa saba'in da huɗu, ga ciwon sukari. Na ga leɓɓansa suna motsi yana lissafi. Can ya matso da wayar bakinsa, a gaban 'ya'yansa da surukinsa da ni.

"Hanan, ba lallai in kai ba. Ki yafe min tun yanzu."