Kan Kare da Kwandunan Tumatir

Lokacin da nake aikin shara da wanke kwalabe a wani asibitin dabbobi a yankin Kura, cikin shekarun 1980, abin da ke hana ni sukuni shi ne karnukan gadin gonakin rani na bakin kanal, wato magudanar ruwan ban-ruwa. Ta nan nake bi kullum da 'yata Ladidi, wadda ban daɗe da yaye ta ba.

Ranar da abin ya faru har yau tana idona. Wani kare mai dalalar da miyau ya cafki Ladidi a ƙafa, ya wuce ya ciji Audu, ɗan maƙwabcinmu Malam Iro. Manoma suka rufar wa karen da sanduna, ina ihu, "Don Allah kada ku fasa kan!" Na sha gani a wurin aiki, ƙwaƙwalwar ake dubawa a ɗakin gwaji a gane ko mahaukaci ne.

Likitanmu ya yanke kan, ya sa shi cikin kula, wato akwatin sanyi mai ƙanƙara, ya miƙa wa Garba direba. "Yau ɗin nan za ka kai ɗakin gwaji, kada ka tsaya ko'ina."

Ni ban jira ba, na kai Ladidi asibitin mutane aka fara yi mata allurai a gefen cibiya. Malam Iro kuwa ya ce, "Uwar Ladidi, ba za a huhhuda wa yarona ciki a kan zato ba. Sakamako ya zo tukuna."

Ashe Garba tsayawa ya yi jigilar tumatir da motar ofis. Ya ajiye kular a rana don kwanduna su samu wuri. Kafin ya kai, kan ya ruɓe. Masu gwaji suka aiko cewa ba abin da zai dubu.

Da Garba ya dawo, na tare shi. "Malam Garba, ka san abin da ka ɗauka kuwa?"

Ya yi dariya. "Haba baiwar Allah, a kan mushen kare kike mini tsawa? Tumatir ma ai ruɓewa yake."

Likita ya je har gida ya roƙi Malam Iro ya bari a yi wa Audu allurai, amma Malam Iro ya ce tun da ba a ga komai ba, ai ba komai. Kafin damina ta faɗi Audu ya fara firgita da ruwa, alamar ciwon haukan kare. Allah ya yi masa rasuwa. Ladidi dai ta tsira. Garba kuwa canjin wurin aiki kawai aka yi masa.

Masu gwaji ba sa ganin komai sai abin da aka kai musu da kyau. Don Allah, duk wanda aka miƙa wa kula irin wannan, ya wuce da ita kai tsaye. Akwai uwar da ke jira.