Farar Tarwaɗa Mai Karkataccen Baya

Me ya hana ni buɗe baki jiya? Na ga farar tarwaɗa mai karkataccen baya a kwanon matar ɗana, tana motsi, na yi shiru har ta datse ta. Romon ma na sha.

Maigidana kuwa, duk zamansa na su a tabkin Gidimuni, in ya kama irinta sai ya shafa ta ya maida ta ruwa, ya ce, "Ta riga ta sha tata wahalar."

Allah ya sanyaya makwancinsa. Ranar da zai tafi, ciwo ya tanƙware shi, na ƙanƙame hannunsa mai ƙarnin kifi ina kuka. Ya yi murmushi ya ce, "Tsohuwa, ni ma na karkace. Sake ni."