Ƙwarƙwata a kwalin ashana

Faci nake yi a bakin titin Wudil, kuma a aji huɗu na firamare na tsaya. Wannan ya sa wasu ke ganin kaina fanko ne.

Shekarar da 'yata ta cika tara, aka koro ta daga Islamiyyar unguwarmu a Sabon Gari. Wai ita ta kawo ƙwarƙwata aji. Shugaban kwamitin iyaye, wani ma'aikacin jami'a mai tumbi da tabarau, shi ya yanke hukuncin. Ya ce ƙazantar gida ke haifar da ita, daga nan ta yi tsalle zuwa kan 'ya'yan mutane. Mu ke nan ba mutane ba.

Uwarta ta tsefe kan, ta wanke, ta bi shi da mataji kullum har ƙwai ɗaya bai saura ba. Mako uku yarinyar tana gida, tana leƙen ƙawayenta ta zaure in za su wuce.

Sai mai kitson layinmu ta ce da ni, "Baban yara, an kori taka, amma kawunan da nake kamawa sai ƙaruwa abin yake."

Na ce ta kamo mini guda biyu masu rai. Na zuba su a kwalin ashana, na nufi makarantar ranar zaman kwamiti.

Na juye su kan farar takarda a gaban shugaban. Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ne mai boko. Sa su yi tsallen mu gani."

Ya ja kujera baya. Su kuwa sai rarrafe suke kamar tsofaffi. Babu fiffike, babu tsalle. Wani dattijo ya tuntsire da dariya, ya ce, "Alhaji, ko za ka yi musu tafi?"

Na ce 'yan kwamitin su biyo ni taga. A cikin aji, yara huɗu sun cire hijabi don zafi, sun haɗa kai a kan littafi ɗaya, gashi na gugar gashi. Ɗaya daga cikinsu 'yar shugaban ce, tana susa da hannu biyu.

Na ce, "Ga gadarsu nan. Ba ruwansu da gidan siminti ko na ƙasa."

Washegari 'yata ta koma aji, aka ƙaro littattafai. Haƙuri dai har yau ba wanda ya ba ni. Amma in shugaban ya kawo motarsa faci, shi ke fara gaishe ni.