Kurun Baba Maigadi

Jiya a Na'ibawa na ga samari suna bin doki da gudu, sai na tuna Baba, maigadin kamfanin fata da na yi aiki a Challawa ina saurayi.

Ya sayo wani kuru, ɗan guntun doki matsoraci. Ran nan kurun ya tsinke igiyarsa, waya ta naɗe masa ƙafa tana yankansa. Muka tashi daga aiki muka yi masa ƙawanya, yana zillewa, wayar tana ƙara nutsewa.

Baba ya ce, "Kai, ku ja baya! Kun shinshina jikinku kuwa? Tun safe kuna cikin fatu. A hancinsa ku mahauta ne."

Ya zauna a ƙasa, ya ba kurun baya, da kanwa a tafin hannu. Na laɓe ina son ganin ƙarshen abin. Can sai ga kurun ya matso yana ɗingishi, ya hura wa tsohon numfashi a wuya. Sai da ya lashe kanwar tas Baba ya kama igiyar, ya warware wayar.

Na ce, "Baba, don me kuka juya masa baya?"

Ya ce, "Matsoraci ba ya son ido."

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa.